Wai manyan kamfanoni irin su Dangote da MTN, su wa suke amfana da gaske?

Dan_Kwari
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so masu ilimin abin a wannan zaure su warware min. Kullum za ka ji ana cewa manyan kamfanoni su ne ke ɗaga tattalin arzikin ƙasa, suna samar da aiki, suna biyan haraji, kowa yana amfana. To amma ni abin da nake gani shi ne a nan ƙasar ake haƙo dutsen siminti, a nan ake sarrafa shi, amma a farkon 2024 sai da buhu ɗaya ya haura naira dubu 10, mutane da yawa suka tsayar da gininsu. Kuɗin kira da data ma an ƙara. Ƙarshen shekara kuma sai ka ji kamfani ya sanar da ribar ɗaruruwan biliyoyi. Ni a ganina masu kamfanin ne kawai ke amfana, sauran mu masu biya ne. In akwai wanda yake da hujjar akasin haka don Allah ya kawo.

Malam_Lissafi
Wa alaikumus salam. Alhaji tambayarka tana da kyau amma bari mu bi kuɗin buhun nan mu ga inda yake zuwa. Idan ka biya, dillali ya cire nasa, mai mota ya cire nasa, abin da ya isa kamfani kuma ba duka ne riba ba, akwai gas ko gawayin da ake ƙona dutsen da shi wanda shi ne ya fi cin kuɗi a aikin siminti, akwai kayan gyaran injina da dala ake sayo su, albashi, ruwan bashin banki, sannan haraji, babban kamfani kashi 30 cikin ɗari na ribarsa yake ba gwamnati. Abin da ya rage shi ake rabawa masu hannun jari ko a ƙara gina wata masana'antar da shi. Kowanne daga cikin waɗannan da na lissafa mutane ne ke ci daga gare shi.

Sannan ka tuna kafin tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2002, wanda ya ce ba za a ba ka lasisin shigo da siminti ba sai kana gina masana'anta a gida, yawancin simintin da muke amfani da shi a jirgin ruwa yake zuwa. Kuɗin duk waje yake tafiya, aikin ma na mutanen waje ne. Yanzu masana'antar Dangote ta Obajana kaɗai a jihar Kogi tana iya fitar da sama da tan miliyan 16 a shekara, ga Ibese a Ogun, ga Gboko a Binuwai, ga na BUA a Kalambaina Sakkwato, ga Ashaka a Gombe. Har fita da shi ake yi zuwa maƙwabta.

sadiq_zoo_road
Malam na ji bayaninka amma ka tsallake wani abu. Ka ce ana rabawa masu hannun jari, su wa ne masu hannun jarin? Kusan kashi 85 cikin ɗari na Dangote Cement na shi Alhaji Aliko ne. Da aka raba naira 30 kan kowane hannun jari na shekarar 2023 kuɗin ya kai wajen biliyan 500, to ka lissafa kashi 85 na wannan. Ashe maganar Dan_Kwari ta fito kenan

Malam_Lissafi
@sadiq_zoo_road gaskiya ne wannan, ban musa ba. Rabon riba kam mai kaso mafi yawa shi ke kwashe mafi yawa. Abin da nake cewa shi ne ribar ita ce ta ƙarshe a layi, kafin a kai gare ta an riga an biya mutane da yawa. Kuma wannan ribar da ya tara tana cikin abin da ya ba shi ƙarfin gina matatar mai ta Lekki, ba ajiye ta ya yi a ƙarƙashin katifa ba.

Ummu_Hanifa
Ni dai zan faɗi nawa. A Disamban 2021 da MTN suka sayar wa talakawa hannun jari a kan naira 169, mafi ƙaranci guda 20, na saya da kuɗin adashina ta waya, ko banki ban je ba. Har da ƙarin guda ɗaya kyauta kan kowane 20 in ka riƙe shekara guda ba ka sayar ba. Na samu rabon riba ya shigo asusuna, ba yawa amma ya shigo. Da naira ta faɗi a 2023 kamfanin ya yi asara saboda bashi da kuɗin hayar turakunsu na sadarwa da dala ake lissafawa, aka dakatar da rabon na wani lokaci, to a nan na gane cewa mai hannun jari shi ne ke ɗaukar asarar ma, ma'aikaci an biya shi albashi, gwamnati ta karɓi harajin VAT ɗinta, mu kuma muka jira. Matsalarmu a Arewa ba ma shiga wannan harkar, sai fili da gwal kawai muka sani, shi ya sa rabon yake wuce mu.

Abban_Walid
Hajiya Allah ya ƙara buɗi. Kuma akwai waɗanda suke da hannun jari ba su ma sani ba. Duk ma'aikacin da ake cire masa kuɗin fansho a sabon tsari, kamfanonin da ke juya kuɗin fansho suna zuba wani kaso a hannun jarin irin waɗannan manyan kamfanonin, mafi yawa dai a takardun bashin gwamnati suke sawa amma wani ɓangare yana can. Don haka malamin makaranta ko ɗan sanda in kamfanin ya ci riba akwai ɗan abin da ke shiga asusun fanshonsa.

Direban_Tirela01
Ku masu boko kuna ta lissafi a takarda. Ni na ja motar wani babban kamfani, ba zan kama suna ba, kuma wallahi ba kamfanin ne ya ɗauke mu ba, wani ɗan kwangila ne a tsakani, shi ake ba kuɗi shi yake biyanmu abin da ya ga dama, babu asibiti babu fansho, in taya ta fashe ko mai bai kai ba daga albashinka za a cire, kana kwana a hanya iyalinka ba su ganka ba, amma in an zo faɗar adadin mutanen da kamfani ya ba aiki har da mu ake ƙirgawa. Waɗanda suke ofis da takardar ɗaukar aiki ta dindindin su kam suna jin daɗi, ban hana ba. Amma a riƙa bambancewa, ma'aikaci kala biyu ne a wuri ɗaya.

Ustaz_Gwale
Wannan magana ta direba ita ce ta fi taɓa ni. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Saka ɗan kwangila a tsakani ba ya sauke nauyi daga kan mai dukiya in ya san ana zaluntar mutane da sunansa. Allah ya saka maka ɗan uwa.

Direban_Tirela01
Amin Ustaz na gode

Baba_Kakuri
Yara ku saurara. Ni na yi aiki a masaƙa a Kaduna tun ina saurayi, kuma abin da zan gaya muku shi ne ba a sanin amfanin babban kamfani sai ranar da ya rufe. Kakuri a lokacinmu ga Kaduna Textiles da aka kafa tun 1957 zamanin Sardauna, ga UNTL, ga Arewa Textiles, in aka tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekuna da mutane. Mai tuwo a bakin ƙofa tana ci, mai gidan haya yana ci, tela, mai gyaran keke, makarantun kuɗi, har manomin auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da bai taɓa ganin ƙofar masaƙar ba yana ci, domin ya san in ya noma akwai mai saye. Da suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 saboda rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, ba ma'aikata kaɗai abin ya kayar ba. Unguwa ce guda ta mutu. Noman auduga ma ya bi bayanta. Haka Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ku tambayi iyayenku.

Masu masaƙun nan su ma riba suka zo nema, ba sadaka suka zo yi ba, kuma mun sha yajin aiki da su. Amma ina ma suna nan muna ta rigimar.

Dan_Kwari
Baba Allah ya ƙara girma. Wannan kam a jikinmu muke ji, yau ka shiga Kwari kusan duk abin da ke kan kanta daga Chana yake, mu ƴan kasuwa muna samu amma babu wanda ya saƙa shi a nan. Na yarda da wannan ɓangaren. Amma har yanzu maganar farashi tana nan, me ya sa abin da ake yi a gida bai yi sauƙi ba?

Injiniya_MK
Amsar tambayarka ita ce gasa, Alhaji. Ka dubi waya. A 2001 da MTN da Econet suka fara, kowanne ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, layi ɗaya wajen naira dubu 20 ake sayensa, kira naira 50 a minti ko da daƙiƙa biyar ka yi sai an cire maka na minti guda, kuma suka ce lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba a lokacin. Glo na zuwa a 2003 da lissafin daƙiƙa sai ga shi kowa ya koma yi. Layi ya dawo kusan kyauta. Ba tausayi ne ya sa ba, tsoron kada abokin ciniki ya gudu ne.

Siminti kuwa kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar, Dangote, BUA da Lafarge, shigo da na waje an toshe, kuma gina sabuwar masana'anta sai mai ɗaruruwan miliyoyin daloli. A irin wannan kasuwar amfanin da kamfani ya samar yana nan, amma kaso mafi tsoka yana tsayawa wajen mai kamfani, ba ya gangarowa ga mai saye. Don haka ni a wajena Malam_Lissafi yana da gaskiya cewa an samar da dukiya, kai ma kana da gaskiya cewa rabonta bai yi daidai ba.

sadiq_zoo_road
To ai BUA sun sauke buhu zuwa naira 3,500 a Oktoban 2023, wa ya gani a kasuwa?

Dillali_Dawanau
Kullum mu dillalai ake zagi. Shi kansa Abdussamad mai BUA ya fito daga baya ya ce dillalai ne suka riƙa saye a farashin suna sayarwa ninki, kuma ban ce babu waɗanda suka yi ba. Amma ku gane farashin bakin masana'anta ne 3,500 ɗin, ba a saka kuɗin mota ba, dizal a lokacin ya haura naira dubu a lita, kuma in kamfani ɗaya ya sauke sauran ba su sauke ba, kayansa ba za su ishi ƙasa ba, kowa zai ruga can, layi ya yi tsawo, wanda ya samu ya sayar a farashin kasuwa. Haka kasuwa take ko a hatsi ne.

Hauwa_Turare
Ni ban san lissafin biliyoyi ba amma sana'ata gaba ɗaya a waya take. Turaren wuta da humra nake haɗawa a gida, a WhatsApp da Instagram nake tallata su, masu saye daga Abuja da Legas har Yamai, su turo kuɗi ta banki in kai tasha a saka a mota. Ban da shago ban biyan haya. In babu hanyar sadarwar nan babu wannan sana'ar, kuma irina muna da yawa sosai, matan aure da ke cikin gida suna juya kuɗi. Ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a yi a Janairun 2025 ya ci mana tuwo a ƙwarya sosai, datan da ke kai ni wata yanzu ba ya kaiwa, amma duk da haka abin da nake samu ta dalilinsa ya fi abin da nake biya nesa ba kusa ba. Ga masu POS a kowane lungu su ma ai a kan hanyar sadarwar suke zaune.

Malam_Lissafi
@Hauwa_Turare kin kawo abin da ba ya fitowa a rahoton kamfani na ƙarshen shekara. Bambancin da ke tsakanin abin da kika biya da abin da kika samu, wannan ma dukiya ce da kamfanin ya samar, amma a aljihunki take ba a littafinsu ba.

Issoufou_Damagaram
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya, ku bari in kawo namu na Nijar don ku ga wani gefen. Kamfanin Faransa, wanda a da ake kira Cogema, ya koma Areva, yanzu Orano, ya fi shekara 50 yana haƙar yuraniyom a Arlit, mahaƙarsu ta SOMAIR ta fara fitarwa tun 1971. Da shi aka riƙa kunna wuta a Faransa, mu kuwa kafin 2023 mafi yawan wutarmu daga Najeriya muke saye, ƙauyuka da yawa har yau ba su san lantarki ba. Eh an yi asibiti a Arlit, an ɗauki ma'aikata ana biyansu da kyau in ka gwada da sauran ƙasa, gwamnati tana da kaso. Amma da ɗaya mahaƙar tasu ta COMINAK ta rufe a 2021 me aka bar wa garin, tarin ƙasar da aka tace da kuma mutanen da ba su da aiki. A 2025 gwamnati ta ƙwace SOMAIR ta mayar ta ƙasa, muna jiran mu ga ko talaka zai gani a ƙasa.

Ku naku irin su Dangote da BUA ko ba komai mai kamfanin ɗan ƙasa ne, ribar in ya ci a nan yake sake zubawa. Mu tamu jirgi take hawa. Matatar mai ta SORAZ da ke nan kusa da mu tun 2011, kashi 60 na ƴan Chana ne kashi 40 na gwamnati, ita dai mun ga amfaninta don mun daina dogaro da man waje kamar da.

Abban_Walid
Malam Issoufou wannan magana haka take a yankin Neja Delta ma. Shekara da shekaru ana haƙar mai, kamfanoni da gwamnatin tarayya suna rabawa, masu kamun kifi ruwansu ya lalace. Sai a dokar man fetur ta 2021 aka saka kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani a asusun al'ummar da ake haƙa a yankinsu, su kuma suka ce ya yi kaɗan. Mutanen gari su ne suka fi kowa rauni a cikin masu ruwa da tsaki, mai hannun jari zai iya sayarwa ya tafi, ma'aikaci zai iya canza aiki, wanda gonarsa da kabarin kakansa ke wurin ina za shi?

Nura_Lokoja
Ni a Kogi nake zaune. Kuna tuna Oktoban 2022 da gwamnatin jiha ta je ta rufe Obajana kan maganar wa ya mallaki masana'antar tun asali? Kwanakin nan kasuwar garin ta tsaya cak, masu abinci da masu gyaran mota da masu gidajen kwana duk suka shiga damuwa, sai da gwamnatin tarayya ta sa baki. Mutanen wajen suna ƙorafin ƙura da haɗarin manyan motoci, gaskiya ne, amma babu wanda na ji yana fatan a rufe. Kuma sun yi titin kankare daga Obajana zuwa Kabba.

Injiniya_MK
Gyara kaɗan kan maganar tituna, don mutane suna ɗauka duk kyauta ce. Akwai doka ta shugaban ƙasa mai lamba 007 da Buhari ya sa wa hannu a 2019, kamfani ya gina titi da kuɗinsa sannan a riƙa cire masa daga harajin da zai biya. A haka Dangote ya yi titin Apapa zuwa Oshodi a Legas, MTN suka ɗauki na Inugu zuwa Onica, NNPC ma sun ɗauki da yawa. Ma'ana kuɗin al'umma ne aka yi aikin da shi, illa dai bai bi ta baitulmali ba. Ni ina ganin tsarin yana da amfani don aikin yana saurin kammaluwa kuma yana da ƙarko, amma yawanci titin da motocin kamfanin ke bi shi ake zaɓa, ba lallai wanda jama'a suka fi buƙata ba.

Manomi_Kura
Bari in kawo ta manoma tunda Baba ya taɓo auduga. Da aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa a 2016 mun yi murna ba kaɗan ba, don duk wanda ya san Kwanar Gafan ya san yadda tumatir ke ruɓewa a lokacin kaka, kwando ya faɗi har kuɗin ɗauko shi daga gona ba ya fita. Injin yana iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar sai ga tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki, kamfani bai samu kaya ba ya tsaya. Bayan nan ma an yi ta buɗewa ana rufewa. Kuma in za a faɗi gaskiya laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne, in farashi ya faɗi kowa yana so kamfani ya saya, in ya tashi sai mu loda wa motocin Legas mu bar kamfani da injin babu kaya, shi kuma ba zai iya biyan farashin kasuwa ba don na gwangwani da ake shigowa da shi daga Chana ya fi araha. Amfanin babban kamfani ga manomi shi ne tabbacin mai saye, amma tabbacin sai an riƙe alƙawari ta kowane gefe, kuma sai an ba mu iri mai yawan yabanya don abin da muke samu a kadada ya yi kaɗan.

Dan_Kwari
To kun ga irin wannan nake so in ji. Amma Malam_Lissafi ka ambaci matatar mai ɗazu, ita fa? An ce in ta fara mai zai yi sauƙi

Malam_Lissafi
Matatar tana iya tace ganga dubu 650 a rana, kuɗin gina ta wajen dala biliyan 20, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Ba za ta mayar da mai naira 200 ba domin ɗanyen man a farashin duniya take saye kuma tallafi an cire shi tun Mayun 2023. Abin da ta canza shi ne dalolin da ake kwasa ana shigo da tataccen mai sun ragu, dogon layin gidan mai ya ragu, kuma an ga lokutan da ta sauke farashi NNPC ta bi. Ga kuma takin yuriya da suke yi a gefenta, tan miliyan 3 a shekara, har Brazil ake kaiwa.

sadiq_zoo_road
Kuma ita ce ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN ta shiga yajin aiki a kanta a Satumban 2025 kan korar ma'aikata da suka ce saboda shiga ƙungiya ne, kamfanin kuma ya ce garambawul ne. Sai da gwamnati ta zauna da su. Abin da ya faru a siminti shi nake tsoro a mai, in ya zama mutum ɗaya ne ke tacewa kuma aka hana shigowa da shi, ranar da ya ga dama ya ƙara ba mu da wajen zuwa. Ba ƙiyayya ba ce, ko ɗan uwana ne ba na so ƙasa guda ta rataya a wuyansa.

Baba_Kakuri
Sadiq yarona tsoronka yana kan hanya, amma matatun gwamnati huɗu muke da su, ɗaya tana nan Kaduna kusa da mu, shekara nawa ana zuba musu kuɗin gyara? Da suna aiki da ba a yi wannan maganar ba.

Zainab_BUK
Akwai abin da ban ga an taɓo ba, wato horo. Yayana ya fara aiki a wata babbar masana'anta yana gyaran injina, a nan ya koyi aikin lantarki na manyan injina da yadda ake kiyaye haɗari, yau ya buɗe nasa wajen yana da yara da yake koya wa, injinan casar shinkafa na Kano da Jigawa suna kiransa. Wannan ilimin ba a jami'a ya samo ba. Kuma tarihin kasuwancin Kano ma haka yake, Alhassan Dantata da sayen gyaɗa wa kamfanin Turawa ya bunƙasa har aka yi dalar gyaɗa, daga zuriyarsa Aliko ya fito. Babban kamfani yakan haifi ƙananan ƴan kasuwa in an bar ƙofa a buɗe.

Ustaz_Gwale
Tunda Hajiya Ummu_Hanifa ta ƙarfafa mutane su sayi hannun jari, a kula da halal da haram. Kamfanin giya da bankin ruwa a guje su. Akwai jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a a kasuwar hannun jari ta Najeriya, kamfanin Lotus ne suke haɗa shi, ana iya dubawa. Kuma hannun jari dukiya ce, zakka tana hawa kansa in ya kai nisabi, a tambayi malamai yadda ake fitarwa don wanda ya saya don ya sayar da wanda ya saya don rabon riba hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Direban_Tirela01
Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata da me zai sayi hannun jarin. A fara gyara maganar ƴan kwangilar nan tukuna, ma'aikatar ƙwadago ta san da su

Abban_Walid
Gaskiyarka ne. Ni abin da na lura a duk misalan nan, wanda yake da murya shi yake samun kasonsa. MTN da suka ƙi yanke layukan da ba a yi wa rajista ba NCC ta ci su tarar sama da naira tiriliyan ɗaya a 2015, aka daidaita a biliyan 330, kuma shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya da suka yi a 2019 yana cikin sharuɗɗan sulhun, wanda shi ya buɗe ƙofar da Hajiya ta saya. Gwamnati tana da sanda ta karɓi nata. Ma'aikatan mai suna da ƙungiya an zauna da su. Direban kwangila da mai gini da manomi su ne babu mai tsaya musu.

Dan_Kwari
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Na sauko daga cewa mai kamfani kaɗai ke amfana, maganar Baba da ta Hauwa sun isa hujja. Amma a kan siminti ban gamsu ba, an kare su daga na waje shekara sama da 20 don su tsaya da ƙafarsu, sun tsaya, to yaushe za a ce mai saye shi ma lokacinsa ya yi? Wani abu kuma, marigayi mahaifinmu ya bar takardun hannun jari na wasu kamfanoni tun kafin faɗuwar kasuwa ta 2008, suna cikin akwati, akwai abin da za a iya yi da su?

Ummu_Hanifa
Alhaji kar ku yar da su, biliyoyin naira ne na rabon riba suke zaune ba a karɓa ba saboda irin wannan. Ku duba sunansa a shafin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, na ribar da ba a karɓa ba, zai nuna muku kamfanonin da kuma masu rajistar da ke riƙe da sunayen masu hannun jarin kowanne. Tunda ya rasu sai kun samo takardar gado daga kotu da takardar shaidar rasuwa, ku buɗe asusun banki da sunan magada, sannan a cike fom ɗin da zai sa ribar ta riƙa shiga asusun kai tsaye. Yana ɗaukar lokaci kuma wasu kamfanonin sun narke cikin wasu, musamman bankuna, amma masu rajistar suna da bayanin inda kowanne ya koma.

Injiniya_MK
@Dan_Kwari kan simintin, hukumar FCCPC ce ke da hurumin binciken farashi da haɗin baki a kasuwa, kuma majalisar wakilai ta kira kamfanonin a 2024. Ni da za a tambaye ni, a sauƙaƙa wa sababbin masu zuba jari samun lasisin dutse da gas, in masu yi suka kai shida ko bakwai za ka ga abin da ya faru da layin waya. Sadiq me ka gani, a buɗe shigowa da na waje na ɗan lokaci ko a bari?

sadiq_zoo_road
A buɗe mana ko na shekara ɗaya ne a gani. Amma na san Baba zai ce haka aka kashe masaƙu